Rudolf Nureyev: Ɗan talakawan Ufa da ya zama gwarzon rawar bale

A ranar 6 ga watan Janairun shekarar 1993 ne Rudolf Nureyev ya rasu a wani asibiti da ke Levallois-Perret, a gefen birnin Paris, yana da shekaru 54 da haihuwa. Masana wasannin dandamali da dama na ɗaukarsa a matsayin namijin da ya fi kowa shahara a rawar bale a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Amma in da an bi ƙa'idar wannan sana'a sau da ƙafa, da ko ƙofar makarantarta ba za a buɗe masa ba. Ya zo ne a makare da shekaru bakwai, daga wani gari mai nisa, kuma daga gidan da uba ke ganin rawa ba aikin ɗa namiji ba ce.

Wace irin rawa ce bale?

Ga wanda ya tashi a garuruwa irin su Gwarzo ko Kabo a yammacin jihar Kano, rawa ba abar da ake shiga makaranta domin a koya ba ce. Yarinya kan koyi gaɗa a dandali idan farin wata ya fito, saurayi kuma ya ɗauki taku daga na gaba da shi a wurin biki, ko da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Hatta 'yan koroso, waɗanda rawarsu ke buƙatar laushin jiki da juriya, a hannun manyansu suke gogewa.

Bale dabam take. Rawa ce ta dandamali da ake ba da labari da ita ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, sai motsin jiki da kiɗan wata babbar tawagar makaɗa. Ta samo asali ne a fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, sa'an nan ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Louis na 14, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kafa mata cibiya ta musamman a 1661. Shi ya sa har gobe, ko a Mosko ko a Tokyo, da Faransanci malami ke kiran sunayen taku. A Rasha kuwa, a 1738 aka buɗe makarantar rawa ta masarauta a birnin St. Petersburg, wadda daga baya ta zama zakaran gwajin dafi a duniya.

Akan ɗauki yaro a wannan makaranta ne yana ɗan shekara goma, ya yi shekaru takwas zuwa tara yana horo. Kowace safiya zai dafa wata sanda da aka kafa a jikin bango, ya yi ta maimaita tsayuwa iri biyar da dukkan rawar ta ginu a kansu, yana juya ƙafafunsa waje tun daga ƙugu, abin da halittar jikin ɗan Adam ba ta saba da shi ba. Mata na koyon tsayuwa a kan 'yan yatsun ƙafa, maza kuma tsalle da juyi a sama da ɗaga abokiyar rawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka wanda ya kai shekaru 17 bai shiga ba, a ganin malaman, ƙashinsa ya riga ya bushe.

Haihuwa a jirgin ƙasa

An haifi Rudolf a ranar 17 ga watan Maris na 1938 a cikin jirgin ƙasa, kusa da birnin Irkutsk da ke daf da tafkin Baikal a yankin Siberiya. Mahaifiyarsa Farida na kan hanyarta ne, da tsohon ciki da 'ya'ya mata uku, zuwa wajejen Vladivostok a can ƙarshen gabashin ƙasar, inda aka tura mijinta Hamet aiki.

Iyayen nasa 'yan ƙabilar Tatar ne, wata al'ummar Musulmi da ke zaune a yankin kogin Volga da tsaunukan Ural, wadda kakanninta suka karɓi Musulunci fiye da shekaru dubu da suka shige. Sunan Nureyev ma daga kalmar Larabci ta nur, wato haske, ya samo tushe. Sai dai zamanin na Stalin ne, lokacin da gwamnati ta rufe masallatai da majami'u masu yawa. Hamet ya rungumi jam'iyyar kwaminis hannu biyu, har ya zama jami'in da ke koyar da sojoji aƙidarta. Saboda haka Rudolf bai tashi da karatun addini ba, amma har ƙarshen rayuwarsa yana tunatar da masu kiransa ɗan Rasha cewa shi jinin Tatar ne.

Da sojojin Jamus suka afka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, Hamet ya tafi fagen fama, ita kuma Farida ta kwashe yaran daga Mosko zuwa jamhuriyar Bashkiriya, inda daga bisani suka zauna a babban birninta, Ufa. Tsakanin Ufa da Mosko ya ɗara nisan Kano zuwa Legas. A ɗaki guda suka cunkushe tare da wasu mutane, abincinsu kuma bai wuce dafaffen dankalin Turawa ba, shi ma ba kullum ba. Da rigar sanyin yayarsa aka fara kai shi makarantar yara, abin da ya sa 'yan ajinsu suka mayar da shi abin dariya, kuma an taɓa ɗaukarsa a sume saboda yunwa. Abubuwa biyu ne ke ɗebe masa kewa a lokacin: kiɗan da ke fitowa daga akwatin rediyo, da kuma wani tudu da yakan hau ya zauna shi kaɗai yana kallon jiragen ƙasa suna barin gari.

A daren 31 ga watan Disamban 1945, Farida ta sami tikiti guda ɗaya tak na shiga babban gidan wasan kwaikwayo na Ufa. Cikin turereniyar da ake yi a bakin ƙofa ta tura yaranta duka suka shige. Wasan da aka nuna a daren shi ne Waƙar Gauraki, wani bale da aka gina a kan tatsuniyar mutanen Bashkir, kuma tauraruwarsa ita ce Zaituna Nasretdinova. Rudolf na da shekaru bakwai. Daga wannan dare bai sake sha'awar wata sana'a ba.

Uba ya ce a'a

A 1946 Hamet ya dawo daga yaƙi, ya tarar da ɗansa namiji tilo, wanda bai san shi sosai ba, ya zama gwanin raye-rayen gargajiya a makaranta. Shi kuwa burinsa yaron ya zama likita ko injiniya. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san yadda magidanci kan ji idan aka ce masa ɗansa ya bi makaɗa. Hamet ya hana, ya yi faɗa, ya kai ga duka. Shi kuma yaron ya koyi ƙarya, yakan ce an aike shi ko kuma yana da ƙarin darasi, ya zarce wurin rawa.

Abin mamaki shi ne, zaluncin gwamnatin Sobiyet ne ya kawo masa malamai har ƙofar gida. Ufa na cikin garuruwan da ake kora mutanen da hukuma ba ta amince da su ba. Daga cikinsu akwai wata dattijuwa mai suna Anna Udaltsova, wadda ta taɓa yin rawa a shahararriyar ƙungiyar nan ta Sergei Diaghilev, aka kuma kore ta daga Leningrad tare da mijinta, tsohon hafsan sojan sarki. Ita ce ta fara koya masa tushen bale yana da kimanin shekaru 11. Da ta ga ya shanye abin da ke hannunta, sai ta miƙa shi ga Elena Vaitovich, wadda ta taɓa aiki a gidan wasa na Kirov. Waɗannan mata biyu ne suka cusa masa tunanin cewa in har da gaske yake, to ba shi da wurin zuwa sai Leningrad, sunan da St. Petersburg ke ɗauke da shi a lokacin.

Yana da shekaru 15 ya fara samun ɗan abin sa wa a aljihu a gidan wasan Ufa, a matsayin ɗaya daga cikin masu cika dandamali. A 1955 aka tafi da shi Mosko cikin tawagar da za ta nuna al'adun Bashkiriya. A can ya gwada sa'arsa a makarantar Bolshoi, aka kuma amince za a ɗauke shi, amma zuciyarsa na wani wuri. Ya tattara ɗan kuɗin da ya tara ya sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Leningrad.

Shekaru uku a titin Rossi

A watan Agustan 1955 ya tsaya a gaban malaman makarantar da ke titin Rossi, wadda bayan shekaru biyu aka sa mata sunan Agrippina Vaganova. Malamar da ta jarraba shi, Vera Kostrovitskaya, ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ko dai ya zama fitaccen ɗan rawa ko kuma ya faɗi warwas, kuma a ganinta faɗuwar ta fi kusa. Duk da haka aka ɗauke shi.

An sa shi a aji shida, wanda shugaban makarantar, Valentin Shelkov, ke koyarwa da kansa. Jininsu bai haɗu ba ko kaɗan. Shelkov na kallonsa a matsayin baƙauye marar tarbiyya, shi kuma Rudolf ba ya iya haɗiye magana. Ban da haka akwai wata barazana: idan ya bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, shekarun shiga aikin soja na dole za su riske shi kafin ya gama. Sai ya nemi a mayar da shi aji takwas, wurin Alexander Pushkin, wanda sunansu ɗaya da shahararren mawaƙin nan na Rasha. Shelkov ya amince, da tunanin cewa can ne yaron zai kunyata kansa.

Wannan sauyi shi ne mafi muhimmanci a dukkan tarihin Nureyev. Pushkin mutum ne mai sanyin hali, ba ya tsawa, ba ya yawan magana. Makonnin farko ko kallon sabon ɗalibin bai cika yi ba, ya bar shi a ƙarshen layi yana kwaikwayon yaran da suka fi shi ƙwarewa nesa ba kusa ba. Rudolf ya fahimci cewa abin da 'yan ajinsu suka tara cikin shekaru bakwai, shi dole ya tara shi cikin watanni. Idan an tashi daga darasi yakan zauna shi kaɗai yana maimaita takun da ya gagare shi, wani lokaci yana kuka don haushi. Yakan karya dokar ɗakin kwana ya fita kallon wasa a Kirov, ya dawo a hukunta shi, washegari ya sake fita. Ya koyi kaɗa piyano, yana yawan zuwa gidan adana zane-zane na Hermitage, ya kuma ƙi shiga ƙungiyar matasan jam'iyyar kwaminis, abin da hukuma ta rubuta ta ajiye.

Malamansa sun san cewa jikinsa bai cika sharuɗɗan da ake so ba. Ƙafafunsa ba su da tsawo sosai, kuma tsabtar taku irin ta wanda ya fara tun yana ƙarami ba ta zauna masa ba, har ya tsufa yana fama da wannan. Abin da yake da shi wanda sauran ba su da shi shi ne kwarjini. Idan ya fito dandamali, ko tsaye kawai yake, idon mai kallo ba ya barinsa.

A 1958, a gasar ɗaliban makarantun rawa da aka yi a Mosko, ya yi wani yanki na wasan Le Corsaire tare da Alla Sizova, 'yan kallo suka tilasta aka maimaita. A wannan shekarar ya kammala karatu, manyan gidajen wasa biyu, Bolshoi da Kirov, suka nemi ya zo. Ya zaɓi Kirov, inda aka tsallakar da shi matakin 'yan baya aka ba shi matsayin mai rawa shi kaɗai. Babbar tauraruwar gidan, Natalia Dudinskaya, mai shekaru 46, ta zaɓi wannan yaro ɗan shekara 20 ya zama abokin rawarta a wasan Laurencia. Ba da jimawa ba ya ji mummunan rauni a idon sawu, Pushkin da matarsa Xenia suka ɗauke shi zuwa ɗan ƙaramin gidansu suka yi jinyarsa, ya kuma ci gaba da zama da su.

Cikin shekaru uku a Kirov ya taka kusan dukkan manyan matsayin maza. Ya kuma tara abokan gaba. Akwai daren da ya ƙi fitowa a kashin ƙarshe na wasan Don Quixote, aka bar jama'a suna jira, saboda ya ce ba zai sa buje-bujen wandon da aka saba sawa ba, sai matsattsen da zai nuna aikin ƙafa kamar yadda ya gani a hotunan 'yan rawan Yammacin Turai. A ƙarshe shi ya yi nasara, amma irin wannan nasara ba a yafe ta a Tarayyar Sobiyet.

Filin jirgin Le Bourget

A watan Mayun 1961 ƙungiyar Kirov ta tafi Paris. Lokaci ne da yaƙin cacar baka ya yi tsanani, kuma wata guda ke nan da Yuri Gagarin ya zagaya duniya a kumbo. Gwamnatin Nikita Khrushchev na amfani da 'yan rawa kamar yadda take amfani da 'yan sama jannati, wato domin nuna wa duniya fifikon tsarin kwaminisanci. Nureyev ya burge Faransawa fiye da kowa, jaridu suka yi ta kwatanta shi da Vaslav Nijinsky. Amma da an tashi daga wasa, maimakon ya shiga motar tawaga ya koma masauki, sai ya bi sababbin abokansa Faransawa yawon gari har tsakar dare, jami'an leƙen asiri na KGB na biye da shi suna aika rahoto gida.

A ranar 16 ga watan Yuni, tawagar ta hallara a filin jirgin saman Le Bourget domin wucewa London. A nan ne shugaban ƙungiyar, Konstantin Sergeyev, ya ja shi gefe ya shaida masa cewa shi Mosko zai koma, wai ana bukatarsa ya yi wasa a fadar Kremlin. Can kuma aka ce mahaifiyarsa ce ba ta da lafiya. Nureyev ya gane cewa idan ya hau wannan jirgi, ba zai sake fita waje ba, wataƙila ma ba zai sake hawa babban dandamali ba.

Wani ɗan rawa Bafaranshe, Pierre Lacotte, ya tsaya tare da shi, aka kuma kira wata ƙawarsu mai suna Clara Saint, wadda ke da kusanci da iyalan ministan al'adu André Malraux. Ita ce ta je ta sami 'yan sandan filin jirgin, waɗanda suka bayyana mata cewa doka ba ta ba su ikon ƙwato shi ba, sai dai shi da ƙafarsa ya zo wurinsu. Suka sauko suka tsaya kusa. Nureyev ya tashi daga tsakanin masu gadinsa, ya taka 'yan taku kaɗan zuwa wurin 'yan sandan, ya ce yana son ya zauna a Faransa. Aka kai shi wani ɗaki aka bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci domin ya yi tunani, sa'an nan ya sa hannu a takardar neman mafaka. Kayansa sun riga sun wuce London. Yana da shekaru 23, kuma daga shi sai tufafin jikinsa da 'yan canjin da ke aljihunsa.

Jaridun Yamma sun mayar da abin babbar nasarar siyasa, amma gaskiyar magana ita ce Nureyev ba ɗan siyasa ba ne. Rawa yake so ya yi, a inda ya ga dama, da wanda ya ga dama. Waɗanda ya bari a baya ne suka ɗanɗana kuɗarsu. An yi ta yi wa Pushkin da 'yan uwansa tambayoyi, an sa iyayensa da malaminsa sun aika masa saƙonnin roƙon ya dawo, an share sunansa daga littattafan tarihin Kirov. A 1962 wata kotu a Leningrad ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekaru bakwai a bayan idonsa bisa laifin cin amanar ƙasa. Takardun da tsohon jami'in KGB Vasili Mitrokhin ya fitar daga baya sun nuna cewa har shawarar karya masa ƙafa an taɓa yi. Mahaifinsa ya rasu a 1966, Pushkin kuma a 1970, bai sake ganin ko ɗayansu ba.

Shi da Margot Fonteyn

Mako guda bayan tserewarsa ya fara wasa da ƙungiyar Marquis de Cuevas a Paris, inda 'yan kwaminis na Faransa suka riƙa yi masa ihu suna jifan dandamali. Daga nan ya nufi Copenhagen domin ya ga Erik Bruhn, ɗan rawan Denmark da yake ganin babu kamarsa wajen tsabtar taku. Nureyev bai taɓa aure ba, kuma marubuta tarihinsa sun tabbatar da cewa dangantakarsa da Bruhn ta soyayya ce, wadda daga baya ta koma abota har zuwa rasuwar Bruhn a 1986.

A ranar 21 ga watan Fabrairun 1962 ya fito a wasan Giselle a Covent Garden da ke London tare da Margot Fonteyn, babbar tauraruwar ƙungiyar Royal Ballet. Tana da shekaru 42, ana ta raɗe-raɗin ta kusa yin ritaya, ita kanta ta yi jinkirin amincewa don gudun kada a ce uwa ce ke rawa da ɗanta. Abin da ya faru a daren ya ƙara mata fiye da shekaru goma sha biyar a dandamali. Ita ta kawo natsuwa da ƙwarewa, shi ya kawo zafi, kowannensu ya ja ɗan uwansa zuwa inda shi kaɗai ba zai kai ba. Frederick Ashton ya tsara musu wasan Marguerite and Armand a 1963. A birnin Vienna kuma, a 1964, bayan wasan Swan Lake, sau 89 'yan kallo suka sa aka ɗaga labule domin su sake fitowa gaisuwa, adadin da ya shiga kundin tarihi na Guinness.

Babban abin da ya sauya shi ne matsayin namiji. A yawancin tsofaffin wasannin ƙarni na 19, aikin namiji bai wuce ya riƙe mace ta juya, ya ɗaga ta, ya sauke ta ba. Nureyev ya ƙi yarda da wannan. Duk wasan da ya sake tsarawa sai ya ƙara wa namiji rawar kansa, mai wuya, mai tsawo. Wasu masu sharhi sun ce son kai ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma tun daga lokacin samari masu shiga wannan sana'a suka daina zama 'yan rakiya. Bugu da ƙari, ya fito daga Rasha da wata dukiya da jami'an kwastan ba su iya ƙwacewa, wato wasannin Marius Petipa da ya haddace a ka. A 1963 ya koya wa Royal Ballet wani babban yanki na La Bayadère, wanda kafin zuwan Kirov a 1961 mutanen Yamma ba su san shi ba. Hanyar da ya buɗe ce Natalia Makarova ta bi a 1970, sai kuma Mikhail Baryshnikov, wani ɗalibin Pushkin, a 1974.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da zafin rai da kaifin harshe, yakan zagi abokan aiki, wani lokaci har da jifa da abin da ke hannunsa. Yunwar da ya sha a Ufa kuma ba ta taɓa sakinsa ba: ya tara kuɗi da gidaje a ƙasashe dabam-dabam, har da wani tsibiri a gaɓar Italiya, ga tarin darduma da zane-zane, amma bai iya zama wuri ɗaya ba. A wasu shekarun yakan yi wasa fiye da sau 200. Ya yi aiki da masu rawar zamani irin su Martha Graham, ya fito a fim ɗin Valentino a 1977. Fiye da shekaru 20 ya yi ba shi da ƙasa, sai a 1982 Ostiriya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa.

Paris, da komawa Ufa

A 1983 aka naɗa shi daraktan rawa na gidan Opera na Paris, muƙamin da ya riƙe har 1989. An sha rigima da shi, musamman kan yawan tafiye-tafiyensa, amma ya farfaɗo da ƙungiyar. Ya karya al'adar jiran layi, ya ɗaga matasa irin su Laurent Hilaire da Manuel Legris da Isabelle Guérin, ya kuma ba Sylvie Guillem matsayi mafi girma a 1984 tana da shekaru 19. Wanda aka taɓa cewa ya makara, shi ne ya ƙi barin wasu su jira.

A wannan shekara ta 1984 ne gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV mai haddasa ƙanjamau. Ya ɓoye maganar, ya ci gaba da aiki. Ya kuma ci gaba da rawa har bayan da ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, abin da ya sa masoyansa da dama baƙin ciki, domin waɗanda suka gan shi a ƙarshen shekarun 1980 inuwarsa kawai suka gani.

Shekara da shekaru yana roƙon a bar mahaifiyarsa ta ziyarce shi, hukumomin Mosko suna ƙi. Sai a watan Nuwamban 1987, zamanin sassaucin Mikhail Gorbachev, aka ba shi izinin shiga ƙasar na sa'o'i 48. Ya isa Ufa cikin tsananin sanyi, ya tarar da Farida a kwance, ciwo ya ci ƙarfinta, ko magana ba ta iya yi sosai. Ɗan lokaci kaɗan ya yi a ɗakin, ya fito yana ganin ba ta gane shi ba, bayan rabuwar shekaru 26. Ta rasu bayan 'yan watanni. A 1989 ya sake hawa dandamalin Kirov a wasan La Sylphide, yana da shekaru 51, da ciwo a ƙafa. Cikin waɗanda suka zo kallo har da malamarsa ta farko, Anna Udaltsova, wadda ta kai shekaru 100 a duniya.

Margot Fonteyn ta rasu a Panama a 1991 bayan fama da cutar sankara, kuma Nureyev na cikin waɗanda suka riƙa biyan kuɗin asibitinta a asirce. Shi kuma da rawa ta gagara, sai ya koma jagorantar makaɗa, har ya yi hakan a Kazan, babban birnin Tatarstan, da kuma New York a 1992. Aikinsa na ƙarshe shi ne tsara cikakken wasan La Bayadère, wanda ya fara koya a Leningrad, domin gidan Opera na Paris. A daren buɗe wasan, 8 ga watan Oktoban 1992, sai da aka rirriƙe shi kafin ya iya fitowa gaban jama'a, inda ministan al'adu Jack Lang ya ba shi babbar lambar girma ta Faransa a fannin fasaha. Bayan watanni uku ya cika.

A ƙasarsa ta haihuwa, har bayan mutuwarsa sunansa bai daina tayar da ƙura ba. Ana gudanar da bikin bale da ke ɗauke da sunansa a Kazan, makarantar rawa ta Ufa ma sunansa aka sa mata. Amma wasan da gidan Bolshoi ya shirya kan rayuwarsa a 2017, an cire shi daga jerin wasanni a 2023, bayan da aka tsaurara dokar Rasha da ta hana yayata auratayya ko soyayyar jinsi guda.

An binne shi a maƙabartar Rashawa da ke Sainte-Geneviève-des-Bois, kudu da Paris. Abokin aikinsa Ezio Frigerio ne ya tsara kabarin, wanda aka lulluɓe da dubban ƙananan duwatsu masu launi, aka jera su suka ba da siffar darduma irin ta mutanen Gabas, mai ja da ruwan zinariya, kamar wadda matafiyi ke yafa wa akwatinsa.